Koyon Waƙa a Masar: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yi Mini Tun da Na Dawo Gida

Shekara uku da 'yan watanni na yi a Alƙahira. Da takardar karatun Larabci da addini na tafi, amma kowa a ƙauyenmu da ke gefen Taura ya san abin da ya kai ni. Tun ina ɗan amshi a bayan masu bege nake son in gane yadda Misirawa ke juya murya. Tun da na dawo kuwa ban huta ba. A majalisa a tambaye ni, ran Lahadi a tare ni a kasuwar Gujungu ina tsaka da ciniki, da daddare kuma saƙon murya ya yi ta shigowa ta WhatsApp. Da na ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai na haɗa su wuri guda tare da amsar da na saba bayarwa.

Yaya, mutum da baiwarsa da muryarsa, me zai je koyo a ƙasar wasu?

Makarantar da muka taso a cikinta ita ce amshi. Ka bi ubangida majalisi, ka ɗauki jakar mandiri, ka karɓa masa shekara da shekaru har bakinka ya faɗa. Makaranta ce mai kyau, ba na raina ta, ita ta yi ni. Abin da babu a cikinta shi ne sunan abubuwa. Ubangidana sai ya ce "ɗaga", ko "sauke", ko ya girgiza kai ya ce "ba haka ba", kai kuma ka yi ta lalube har Allah ya sa ka dace. A Masar kowace hawa da sauka ta murya tana da suna, malami zai gaya maka daidai inda ka zame.

Sai kuma numfashi. Yawancinmu da maƙogwaro muke waƙa, shi ya sa kafin watan Mauludi ya raba tsakiya rabin sha'iran yankinmu sun dishe. Can aka koya mini cewa iskar daga ciki take tasowa, maƙogwaro hanya ce kawai. Wannan kaɗai ya biya mini kuɗin jirgi.

Wace makaranta ake shiga?

Mu 'yan Arewa yawancinmu ta ƙofar Azhar muke shiga ƙasar. Azhar ba ta koyar da waƙa, kada wani ya ruɗe ka. Za a yi maka jarrabawar tantance matsayinka a Larabci, a ajiye ka ajin da ya dace, kuma da takardar makarantar ce za ka riƙa sabunta iƙama. Masu gurbin tallafi suna zama a Bu'us, unguwar ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya. Sauran kuma su haɗa kuɗi su kama haya, galibi a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir inda baƙaƙen fata suka fi yawa.

Waƙar a gefe ake nemanta. Akwai Babbar Cibiyar Kiɗan Larabawa a unguwar Haram ta Giza, wadda karatunta na shekara huɗu ne, da jarrabawar shiga, da koyon karanta rubutun kiɗa. Akwai Baitul Ud a bayan masallacin Azhar, wanda makaɗin nan ɗan Iraƙi Nasir Shamma ya kafa, ga mai son koyon garayar Larabawa. Shehu Mahmud Tuhami kuma ya buɗe makarantar inshadi, wato waƙar addini zalla. Ni dai wajen wani dattijo na zauna, mai yin ibtihali, wato rera addu'a da yabon Allah, kafin kiran Asuba a wani masallacin unguwa. Sau biyu a mako, bayan La'asar, a ɗan falonsa, ga kofin shayi ga carbi, ba allo ba alli.

Wai mene ne maƙamat ɗin nan da kuke ta faɗa?

Ka ɗauke shi kamar burtali. Murya tana da hanyoyin da take bi ta hau ta sauko, kowace hanya da inda ake farawa, da inda ake yada zango, da inda ake sauka. Manyan guda takwas ne: Saba, Nahawand, Ajam, Bayati, Sika, Hijaz, Rast da Kurd. Ɗalibai kan haddace su da jimlar "suni'a bisihrik", domin a rubutun Larabci kowane harafi a cikinta farkon sunan ɗaya ne. Kowanne da yanayinsa. Saba shi ne mai sa hawaye, Rast mai kwarjini ne kamar shigowar hakimi, Hijaz kuwa ka sha jin sa a kiran salla ko da ba ka san sunansa ba.

Inda Bahaushe ke shan wuya shi ne rubu'in mataki. A jikin fiyanon sitidiyo, daga sauti zuwa takwaransa na sama maɓalli 12 ne. A lissafin Larabawa tazarar nan kashi 24 ce, wato akwai sautin da ke zaune a tsakanin maɓalli biyu, inda yatsa ba ya iya taɓawa. Har babban taro aka yi a Alƙahira a 1932, zamanin Sarki Fu'ad, masana suka yi ta jayayya a kan ainihin mazaunin waɗannan sautuka. Bayati da Rast da Sika da Saba duk suna da su. Ni wata huɗu na yi a kan Bayati kaɗai. In na zo mataki na biyu sai muryata ta gudu sama ko ta faɗo ƙasa, malam ya buga carbi a gwiwa ya ce, "A tsakiya, ya ibni, a tsakiya."

Mai son ya fara tun daga gida, ya saurari karatun Shehu Mustafa Isma'il da kunnen basira. Manyan makarantan Masar kan buɗe da Bayati, su zaga, su dawo su rufe da shi. Amma a karatun Alƙur'ani tajwidi ne gaba, maƙami bara ne a bayansa. Duk malamin kirki zai faɗa maka haka tun ranar farko.

Ya aka yi ka haɗa horon murya da yawon ganin gari? Ai an ce ba a tauna taura biyu.

Da wannan karin maganar na tafi, kuma ita ta ci mini wata shida. Na ce ba yawo ya kawo ni ba, riɗin Baba aka sayar aka tura ni, don haka daga ɗaki sai aji, daga aji sai gidan malam. Abokan zamana su fita bakin kogin Nilu, ni ina ɗaki ina jan "aaa" har maƙwabcin sama ya fara buga mana ƙasa da taɓaryar turminsa.

Wata rana na rera wa malam baiti huɗu, ban kuskure ko mataki ɗaya ba. Ina jiran yabo sai ya ce, "Daidai ne, amma ba gishiri." Ya tambaye ni da wane maƙami ladanin unguwarmu ya kira Azahar yau. Na ce ban lura ba. Ya ce me direban ƙaramar bas ya kunna da zan taho. Na ce na toshe kunnena da abin sauraro ina bitar darasi. Dattijon nan ya daɗe yana kallona, sannan ya ce mako mai zuwa kada in zo. In je masallacin Husaini in zauna daga Magariba zuwa bayan Isha, in rufe bakina, in buɗe kunnena.

Abin da na ji a daren nan ya fi darasin wata guda. Wani makaho a jikin ginshiƙi yana yabo ƙasa-ƙasa, shi kaɗai, ba don kowa ba, kuma ga matakin nan da ya gagare ni yana fita daga bakinsa kamar yana hira. A nan na gane cewa Bamisire bai koyi rubu'in mataki a aji ba. Da shi aka yi masa rarrashi yana goye, shi yake ji a rediyon Alƙur'ani da ke kunne a kowane shago tun da aka buɗe tashar a 1964, har mai sayen tsofaffin kaya da ke bin layi yana kiran "bikiya" yana da nasa raujin. Ni da na zo da kunnen da ya girma da kalangu da mandiri, in ban jiƙa shi a cikin garin ba, har abada lissafi zan riƙa yi.

Daga nan na sake tsari. Safiya ta murya ce, ba na sayar da ita: bayan Asuba in ɗan kishingiɗa, in tashi in sha ruwan ɗumi, in fara da gunji baki a rufe, sannan dogon sauti, sannan darasin mako, duka bai wuce awa ɗaya da rabi ba, da hutu a tsakani. Rana ta aji ce. Dare biyu a mako na fita, ɗaya daren Juma'a wajen zikiri ko yabo, ɗaya kuma duk inda ƙafa ta kai ni. Ina da ɗan littafi a aljihu, duk abin da na ji sai in rubuta wurin da maƙamin da nake zato, in kai wa malam ya gyara. Sau da yawa zatona kuskure ne, kuma daga kuskuren darasin ranar ke fitowa.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya ramin. Na zauna da wani yaro mai murya wadda ta fi tawa nesa ba kusa ba. Kullum yana gidan shayi a kasuwar Khan Khalili har ƙarfe uku na dare, gobe yana dalar Giza a kan raƙumi, jibi yana cikin kwalekwale. Ya dawo gida da hotuna masu kyau ƙwarai. Alƙahira gari ne da ba ya barci, in ka biye masa kai ma ba za ka yi ba, murya kuma ba abin da take ƙi kamar rashin barci. Ma'aunin da na riƙe shi ne: fitar da kunne zai ƙaru a cikinta ina yi, wadda maƙogwaro zai biya kuɗinta ina bari.

To ina da ina ya kamata mawaƙi ya je?

Maulidan waliyyai, su ne babbar makaranta. Na Husaini a ƙarshen Rabi'us Sani, na Sayyida Zainab a ƙarshen Rajab, na Sayyid Ahmad Badawi a garin Tanta cikin watan Oktoba, bayan an cire auduga. Rumfuna ne jere, kowace ɗariƙa da tata, kowace da mai yabonta, ana raba shayi da abinci kyauta. Duk wanda ya taɓa zuwa Maukibin Ƙadiriyya a Kano ba zai ji baƙunta sosai ba. A irin wannan dare na ga Shehu Yasin Tuhami, mutumin Asyut, ya riƙe baiti ɗaya yana juya shi, ya sake shi ya kamo, jama'a na layi kamar gero a iska. Ba yawan baitoci ke riƙe taro ba, a wurinsa na ga haka da idona. Ka dai riƙe wayarka da kyau a cikin turmutsutsun.

Ka hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ka je Iskandariyya, tafiyar kamar awa uku. Can kabarin Imam Busiri yake, mai Burda, kusa da masallacin Abul Abbas Mursi a bakin teku. Baitocin da muka haddace muna yara a gaban malam da bulala, sai ga su a rubuce a jikin bango. Na ji an rera su da rauji uku daban-daban a yini ɗaya, ba ko ɗaya da ya yi kama da namu, kuma duk sun zauna, saboda karin waƙar ɗaya ne.

Wurin da ya fi taɓa ni kuwa Aswan ne, can kudu, kwana guda a jirgin ƙasa. Mutanen Nuba baƙaƙe ne kamarmu, an tashi ƙauyukansu da yawa a shekarun 1960 saboda babbar madatsar ruwa. A wani gidan biki na ji suna waƙa da tafi da ganga mai fuska ɗaya, ban san sanda na fara amshi ba alhali ban san ko kalma ɗaya ta yarensu ba. Dalili shi ne waƙarsu a kan matakai biyar take tafiya, irin ta Sudan, irin yawancin tamu. Wani tsoho ya miƙo mini kofin karkade, na kurɓa na ji ashe zoɓo ne, irin wanda ake lodawa a Maigatari. Na baro Jigawa don in koyi abin da ba mu da shi, sai a Aswan na san sunan abin da muke da shi.

A cikin Alƙahira akwai gidan tarihin Ummu Kulsum a tsibirin Rauda. Ko ba ka sauraron waƙoƙinta ka je, don ka san 'yar limamin ƙauye ce da ta fara da yabon Annabi a bayan mahaifinta. Ta rasu a 1975, har yau kuma malaman murya da ita suke misali wajen fitar da harafi. Akwai masu juyi da manyan fatari a unguwar Guriyya. Na kuma leƙa wajen masu kiɗan zar sau ɗaya, na ga abin ya yi kama da bori, ban sake komawa ba.

Ka taɓa yin abin da ka yi da-na-sani?

A shekarata ta biyu, a babban daren Sayyida Zainab. Na je da niyyar sauraro, sai wasu ɗalibai 'yan uwanmu suka ce ga sha'iri daga Najeriya, aka miƙo mini makirfo. Lasifikar ta fashe, ba na jin kaina, ga hayaƙin turare da na shisha, ga sanyin dare. Na yi ta ƙure murya don in rinjayi rumfar da ke kusa. Aka yi ta kabbara, kaina ya kumbura. Da safe na buɗe baki ba abin da ya fito sai iska.

Kwana tara ban yi waƙa ba, kuma a makon ne malam ya shirya zai gabatar da ni gaban wani abokinsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Na aike ka da kunne, ka je da maƙogwaro." Ya hana ni magana, har raɗa ya hana, domin raɗa ma tana wahalar da murya.

Me ake sha don gyaran murya?

Ruwa. Na san ba amsar da ake so ke nan ba. Misirawa suna shan yansun da hulba da citta da zuma, ni ma na sha, suna da daɗi kuma suna ɗumama maƙogwaro, amma ba wanda zai gyara muryar da aka kwana ana ƙurewa. Ka kiyayi cin koshari da yaji ka kwanta nan take, ƙwannafi na ƙona murya cikin dare. Sanyin Disamba zuwa Fabrairu ya fi hunturunmu shiga ƙashi saboda ɗakunan tayil ne, ka tafi da rawani. Wajen Maris zuwa Mayu kuma akwai iskar hamsin mai ƙura, ranar da ta taso ka rufe taga. In dishewa ta wuce mako biyu, ka bar jiƙe-jiƙe ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Larabcin da na yi a Islamiyya zai ishe ni?

A aji zai ishe ka. A kasuwa dariya za a yi maka. Ranar farko na yi wa mai burodi Larabcin littafi, na cika i'irabi, ya saurara har na gama ya ce "Sadaƙallahul azim." Su jimun ɗinsu "ga" ce, ƙafun kuma sun haɗiye shi. Wata uku na cuɗanya ya isa ka kama, in ba ka maƙale a cikin 'yan uwanka Hausawa dare da rana ba. In kuma da Warshu ka yi haddarka a tsangaya, ka sani can Hafsu ake karantawa.

Malam, ni uba ne. Yaron da aka tura karatu ya ɓuge da waƙa, ba lalacewa ba ce? In 'ya mace ce fa?

Baba, ba zan ɓoye maka ba, akwai yaran da suka lalace a can, amma waɗanda na gani ba darasin murya ne ya lalata su ba, rashin mai tambayarsu ne. Ka nemi sakamakon jarrabawarsa duk shekara, ka san sunan malaminsa, ka samu wani babba cikin ɗalibai da za ka riƙa kira. Maganar kayan kiɗa kuwa malamai sun yi saɓani, kowane gida da malamin da yake bi, ba ni zan raba wannan gardama ba. Abin da zan shaida shi ne ana iya koyon maƙamat gaba ɗaya da murya zalla, ni haka na koya.

'Ya mace kuma akwai 'yan matanmu da yawa da ke karatu a Azhar, ɓangarensu daban, akwai kuma mata masu koyar da tajwidi da murya. Cunkoson maulidi da dare dai ba wurin da zan so ƙanwata ta shiga ita kaɗai ba ne.

Nawa zan tanada?

Duk adadin da na faɗa yau, kafin ka samu biza ya tsufa. A watan Maris na 2024 aka saki fam ɗin Masar, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda, haya ta bi ta, ga naira ita ma da nata ciwon. Ka tambayi wanda ke can a watan da za ka tafi. Ful da ta'amiyya da burodi ba su da tsada, jirgin ƙarƙashin ƙasa ma haka. Haya da sabunta takardu da kuɗin malami su ne masu cin aljihu. Kada ka tafi da lissafin za ka yi waƙa a yi maka liƙi, ba majalisin Kano ba ne.

Gaskiya ne suna raina baƙar fata?

Akwai. Yara za su bi ka da "samara" ko "shokolata", wani babba ma ya yi. Wani mai gidan haya ya taɓa ce mana ɗakin ya kamu da ya ga fuskokinmu, alhali a waya ya ce mu zo. Akwai kuma matar da ke ƙasan benenmu wadda duk azumi sai ta aiko mana da abincin buɗa-baki, tana kiranmu 'ya'yanta. Duka biyun Masar ne.

To me ya sa tun da ka dawo ba ka waƙa irin ta Larabawa? Mun zaci za ka zo da sabon salo.

Na zo da shi, Inna ce ta ƙwace. A shekarata ta ƙarshe na shirya wata waƙar yabo da Hausa, na ɗora ta a kan Hijaz, na zuba mata duk adon da na koya. Na ɗauka a waya na tura wa ƙanena ya kunna mata. Akwai inda na ambaci Madina na ce garin Manzo, kuma don in nuna gwaninta sai na ja gaɓar farko, na yi ta lanƙwasa ta sama da ƙasa. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunana. Saƙon da ta aiko shi ne: "Ku ce wa wancan muryar ta yi daɗi. Amma gaarin me yake nufi, na dawa ko na gero?"

Na yi dariya, daga baya na zauna shiru. Gaskiya ta faɗa. A Hausa tsawon wasali ma'ana ne: gari na zama, in ka ja shi ya koma na tuwo. Hawa da saukar murya ma ma'ana ne: kukan yaro daban, kukar miya daban. Balarabe yana da inda yake jan wasali ya yi ado, shi ma ba ya jan gajeren wasali, amma harshensa ba ya bambanta kalma da hawa ko saukar murya, don haka raujinsa na da 'yancin da namu ba shi da shi. Tsofaffin mawaƙanmu da ba su taɓa jin kalmar maƙami ba sun san wannan sarai. Raujinsu yana bin bayan maganar ne, shi ya sa ko daga bayan gari ka jiyo su kana gane kowace kalma.

Na kai wa malam wannan matsala ina zaton zai ce Hausa ce ba ta dace da fannin ba. Sai ya sa na karanta masa baitin da baki, ba waƙa, har sau biyar, yana bin hawa da saukar da yatsa a iska. Ya ce, "Harshenku ya riga ya yi rabin waƙar. Kai dai kada ka ɓata." Muka yi wata biyu muna neman inda ado zai zauna: a kan dogon wasali, a ƙarshen ɗango, a kan "Allah" da "ya Rasulallahi", da wurin shimfiɗa kafin mandiri ya shigo. Sauran wuraren a bar kalma ta tafi da ƙafarta.

To abin da kuke ji yanzu ke nan. Wanda ya sani zai ji Bayati a buɗewa, zai ji ba na dishewa ko an kai Asuba. Wanda bai sani ba zai ce ai waƙarsa ce ta da, ta dai ƙara daɗi. Akwai samarin da suka ji haushi, sun so in dawo ina shaƙe murya ina kwaikwayon Balarabe. Wani ma cewa ya yi asarar kuɗin riɗi aka yi.

Za a iya ɗaukar irin wannan waƙa a sitidiyon Kano?

Za a iya, amma ka zauna kusa da mai haɗa sautin. Manhajar da ke daidaita murya a kwamfuta maɓalli 12 ɗin nan ta sani. Da ta ji rubu'in mataki sai ta ɗauka kuskure ne, ta ja shi zuwa maɓalli mafi kusa, Bayatinka ya koma Kurd kana ji kana gani. Ka ce a kashe ta, ko a saita ta da hannu. Fiyanon ma sai irin wanda ake iya sauke wa maɓalli. In babu, ka tsaya a Nahawand ko Ajam ko Kurd ko Hijaz, su suna zama a kan fiyano na kullum ba gardama.

In Allah ya kai ni, me zan taho da shi?

Littafinka na aljihu da duk abin da ka ɗauka a waya, ka adana su wuri biyu, domin tawa wayar ta faɗa ruwa wata ɗaya da dawowata. Ka nemi izini kafin ka ɗauki muryar mutum, musamman a wajen zikiri. In kana son duffi, wato mandirin Larabawa, titin Muhammad Ali a Alƙahira ne unguwar masu kayan kiɗa. Akwai na fata akwai na roba. Ni na fata na saya saboda amonsa ya fi zurfi, sai dai da damina ta sauka a nan ya saki ya zama kamar faifai. Yanzu kafin kowane majalisi sai ƙanena ya kai shi madafa ya gasa shi a bakin murhu, Inna na yi masa faɗa ya matsa mata ta kwashe tuwo.